Me ya sa wasu al'ummu ke yarda a kai aƙidunsu ƙetare da kuɗinsu, mu kuma muka ƙi a je Nijar?

Wani malamin sakandare daga Kamba ya aiko da wannan tambaya: "Malam, tun ina yaro nake sauraron gidajen rediyon ƙasashen waje da Hausa, yanzu ga Turkiyya ma ta shigo sahu. Saudiyya da Iran da Sin kowa na ɗaukar ɗalibanmu karatu kyauta. Shin talakawansu sun yarda a riƙa kashe dukiyarsu a kanmu haka? In sun yarda, me ya sa? Mu kuma da aka ce za a je Nijar a maido da dimokuraɗiyya, kowa a nan ya ce atafau. Ko dai kishin ƙasa ne ba mu da shi?"

Malam, Allah ya saka da alheri. Ba rashin kishi ba ne. Mutum yakan yarda gwamnati ta ɗauki aƙida ta kai wata ƙasa idan yana jin aƙidar nan tasa ce, gadon kakanninsa ce, ba ta jam'iyyar da ke mulki a wannan shekara kaɗai ba. Yakan ƙara yarda idan waɗanda za a kai wa ɗin yana ganinsu nasa ne, ko yana ganin kai musu wajibi ne a kansa. Wannan jin cewa "mu 'ya'yan wata babbar wayewa ne, wadda ta girmi gwamnati ta kuma wuce iyakar taswira" shi ne masana hulɗar ƙasashe suka daɗe suna bincike a kansa. A wasu ƙasashen, "mu" ɗin da ke zuciyar talaka ya yi daidai da ƙasar da ke karɓar harajinsa. A Kebbi kuwa "mu" ɗin ya tsallaka Kamba ya shiga Gaya da Dosso, alhali akwai garuruwan Najeriya da bai kai ba. Yawancin amsar tana nan.

Abin da kake ji a rediyo tsohon aiki ne. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus da Sin suka biyo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007, TRT Afrika ta Turkiyya a 2023. Dukkansu da kuɗin jama'ar ƙasashensu aka kafa su. Amma kada mu ɗauka an tara talakawa an tambaye su. A Saudiyya da Sin ba a jefa ƙuri'a kan irin wannan, kuma wanda bai yarda ba ya san inda bakinsa zai tsaya. Duk da haka, ko sarkin da ba ya shawara da kowa yana buƙatar labarin da zai gaya wa jama'arsa su ji daɗinsa, kuma labarin da ya fi karɓuwa shi ne na asali da tushe.

Sai dai ba kowace al'umma ke kallon gadonta ta fuska ɗaya ba. Akwai waɗanda suka yi imani cewa abin da ke hannunsu na duk 'yan Adam ne, don haka riƙe shi a gida rowa ce. Faransa ce kan gaba a nan. Tun juyin juya halin 1789 ake koya wa ɗan Faransa cewa 'yancin da aka shelanta a Paris na kowa ne a duniya. An kafa cibiyar Alliance Française a 1883 don yaɗa Faransanci, sannan a 1885 ɗan siyasa Jules Ferry ya tsaya a majalisa ya ce wai jinsunan da ke sama suna da nauyin wayar da na ƙasa. Wani ɗan majalisa, Georges Clemenceau, ya mayar masa da martani mai zafi a majalisar, ka ga ke nan gardamar ta fara tun a gida. Tunani irin na Ferry ne ya rufa wa mulkin mallaka asiri, shi ne kuma daga baya ya haifi ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda aka aza tubalinta a Yamai a watan Maris na 1970, da hannun Diori Hamani. Nijar ɗin da aka kafa ƙungiyar a cikinta ta sanar da ficewarta a 2025.

Sin tana ɗaya ɓangaren. Ba ta ce maka ka zama Basine, ba ta ma ganin za ka iya. Abin da take nema shi ne a girmama ta, a daina auna ta da mudun Turawa. Cibiyoyin Confucius, da aka fara buɗewa a 2004, harshe da al'ada suke koyarwa, akwai su a Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka da Jami'ar Legas. A 2023 Shugaba Xi Jinping ya fito da shirinsa kan wayewar duniya, wanda jigonsa shi ne kada wata wayewa ta tilasta wa wata aƙidunta. Magana ce mai daɗin ji a kunnen ɗan Afirka, amma garkuwa ce kuma, domin duk wanda ya yi maganar Musulmin Uigur sai a ce ya yi shisshigi. Talakan Sin yana goyon bayan wannan hidima ne saboda an rene shi da tarihin ƙarni guda na wulaƙanci, daga Yaƙin Ofiyom na 1839 zuwa 1949, don haka duk inda aka kafa tutar ƙasarsa yana jin an rama masa wani abu. Ko shi ma yana da iyaka. Da aka yi wa Afirka alkawarin dala biliyan 60 a taron Beijing na 2018, gunaguni ya cika intanet ɗin ƙasar, mutane na tambayar me ya sa ba a fara da ƙauyukansu ba, har sai da aka riƙa goge rubuce-rubucen.

Turkiyya da ka ambata ita ce ta fi nuna yadda abin yake aiki, kuma ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Daular Usmaniyya ta ƙare a 1922, aka soke halifanci a 1924, aka shafe shekaru masu yawa ana koya wa Baturke ya fuskanci Turai ya juya wa gabas da kudu baya. Amma tunawa da daular ba ta mutu a zukatan mutanen Anatoliya ba. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet aka kafa TIKA, hukumar Turkiyya mai kai tallafi ƙetare, a 1992, da farko don ƙasashen tsakiyar Asiya masu harsuna dangin Turkanci, wato 'yan'uwa na jini. Da Erdogan ya zo sai aka faɗaɗa zumuncin ya koma na addini da na tarihin daula. Ofisoshin jakadancin Turkiyya a Afirka sun tashi daga 12 a farkon shekarun 2000 zuwa fiye da 40. Erdogan ya je Mogadishu a watan Agusta na 2011, ana tsakiyar yunwa, lokacin da shugabannin duniya ke tsoron sauka garin, jama'ar Turkiyya kuma suka tara gudummawa mai yawa daga aljihunsu a cikin azumin shekarar. Naman layyar da ƙungiyoyin Turkawa ke rabawa a Nijar da wasu garuruwanmu daga irin wannan aljihun yake fitowa. Ba dole aka yi musu ba, mutum ne ke jin cewa kakanninsa sun taɓa zama inuwar Musulmin duniya, kuma bai kamata a ce jikokinsu sun gaza ba.

To amma dubi abin da ya faru da 'yan gudun hijirar Siriya. An karɓi fiye da miliyan uku, gwamnati na kiran lamarin na Ansar da Muhajirai. Da kuɗin ƙasar ya karye, hauhawar farashi ta haura kashi 80 cikin ɗari a 2022, sai maganar mayar da su gida ta zama abin neman ƙuri'a a zaɓen 2023, har ita gwamnatin ta fara alkawarin gina musu gidaje a arewacin Siriya su koma. Addinin bai canja ba, tarihin bai canja ba, kuɗin haya da na burodi ne suka canja. Abin kamar gudummawar biki ne: in na dangi ne ba a cika lissafi ba, amma ranar da rumbu ya yi ƙasa, ko na dangin sai an tsaya an ƙirga.

Iran kuwa tana koya mana wani abu dabam, cewa ƙasa ɗaya na iya samun labarin asali guda biyu suna kokawa. Tsarin mulkin da aka rubuta bayan juyin 1979 ya ɗora wa ƙasar nauyin tallafa wa raunana a ko'ina suke, kuma daga nan ne guraben karatu a Ƙum da tallafin Lebanon da Falasɗinu suka samo hujja. Akwai Iraniyawa da yawa da suka yarda da wannan har zuciya. Akwai kuma waɗanda suke ganin kansu magada daular Farisa ne kafin komai, kuma su ne a zanga-zangar 2009 suka riƙa rera cewa ba Gaza ba, ba Lebanon ba, ransu fansa ne ga Iran. Taken ya sake dawowa a zanga-zangar tsadar rayuwa ta ƙarshen 2017. Duk ɓangarorin biyu masu alfahari da wayewarsu ne, amma wane ɓangare na wayewar mutum ya riƙa shi ke yanke ko zai goyi bayan a fita waje.

Saudiyya mun fi saninta. An buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, aka kafa Rabiɗa, ƙungiyar haɗin kan Musulmin duniya, a Makka a 1962, a zamanin da ake gasa da Masar ta Gamal Abdel Nasser, mai Azhar da rediyon Muryar Larabawa. Sardauna Ahmadu Bello ya zama mataimakin shugaban Rabiɗa, kuma Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan Gummi ta Zamfara, yana cikin manyan waɗanda suka haɗa wannan igiya, har ya samu lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Abin lura shi ne yadda gwamnatin ta juya akalar a 'yan shekarun nan. Tun daga 2022 ana bikin ranar kafuwar ƙasa da aka ɗora a kan shekarar 1727, wato kafin haɗuwar gidan Sa'ud da Sheikh Muhammad bn Abdulwahhab, ana tallata Dir'iyya da Al-Ula, ana zuba kuɗi a ƙwallon ƙafa. Gwamnati na iya sake tsara labarin asali da kanta, kuma matasa da yawa sun bi.

Amurka ta fi kowa bayanai a fili, don ana yawan tambayar jama'arta. Ba'amurke ya yi imani ƙasarsa ta musamman ce, amma wannan imani bai cika kai shi ga son a kashe kuɗi ba. Cibiyar Pew mai binciken ra'ayin jama'a ta sha tambayarsu abubuwan da ya kamata a sa gaba a hulɗa da waje, kuma yaɗa dimokuraɗiyya kusan kullum a ƙarshen jeri yake faɗowa, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke ɗaukarsa babban buri. Taimakon ƙasashen waje bai wuce kusan kashi 1 cikin ɗari na kasafin tarayya ba, amma in aka tambayi mutane sai su ƙiyasta ya kai rubu'i. Bayan Iraƙi a 2003 da yadda aka fita Afghanistan a 2021, ba abin mamaki ba ne da aka rushe hukumar ba da agaji ta USAID a 2025, wadda ke aiki tun 1961, ba tare da tituna sun cika da masu kuka ba. Amma a wannan shekara ta 2025 ɗin aka sake sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, kuma da yawa daga waɗanda suka yi murnar yanke taimako su ne suka fi ɗaga murya a kan Kiristocin Najeriya. Ba su saɓa wa kansu ba. Wancan taimako ne ga baƙi, wannan kuma a ganinsu kare nasu ne. Mutumin Maru ko Danko-Wasagu da 'yan bindiga suka kashe wa iyali zai ce shi fa, ba rai ba ne? Yana da gaskiya. Sai dai mu ma mu duba kanmu: muna fita jerin gwano saboda Gaza, amma yaƙin gabashin Kwango da ya ci miliyoyin rayuka bai taɓa cika mana fili ba. Halin ɗaya ne.

Masanin siyasa Ba'amurke Samuel Huntington ne ya fi shahara da wannan tunani na kallon duniya ta fuskar wayewa, a maƙalarsa ta 1993 da littafin da ya biyo a 1996, inda ya raba duniya gida bakwai ko takwas, ya sa Najeriya cikin ƙasashen da layin rabuwa ya ratsa tsakiyarsu. Ya hango wani abu na gaskiya, amma ya ɗauki wayewa a matsayin abu dunƙulalle da ba ya tsagewa. Iran da Iraƙi sun yi shekara takwas suna yaƙi daga 1980. Rasha, wadda takardar manufofinta ta 2023 ta kira kanta ƙasa mai wayewa ta kanta, tana yaƙi da Yukren, maƙwabciyar da suka haɗa coci da tarihi.

Ba ma sai mun je nesa ba, domin mu nan Kebbi mun taɓa zama masu kai aƙida ƙetare, mun kuma taɓa zama waɗanda aka kawo wa. Bayan an ci Birnin Kebbi a 1805, Gwandu ta zama sansanin jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Da aka raba gudanar da daula a 1812, yamma ta faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma ƙarƙashin Gwandu aka samu Nupe da Ilorin da Yawuri, har zuwa Say a Nijar ta yau da Liptako a Burkina Faso. Me ya sa manomi da makiyayi suka bar gida suka bi tuta? Akwai masu neman ganima, babu musu, akwai waɗanda jangali da zaluncin sarakuna suka ishe su. Amma abin da ya ɗaure su wuri ɗaya shi ne yarda cewa gyaran addini da adalci ba na Degel kaɗai ba ne, wajibi ne a kai shi duk inda ƙafa za ta kai. An kuma yi aikin shigar da wannan yarda cikin zukata da waƙoƙin Fulatanci da Hausa, daga baya Nana Asma'u ta tura jajis ɗinta, wato mata malaman da ta horar, ƙauyuka suna koyar da mata.

Tun a lokacin aka samu masu tambaya irin taka. Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno ya rubuto wa Sakkwato yana cewa da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana mai nuna cewa zunubi ba kafirci ba ne, Muhammadu Bello kuma ya riƙa ba shi amsa. Malam Abdullahi da kansa ya taɓa gajiya da yadda ya ga son mulki da dukiya na cin manufar jihadi, ya kama hanyar gabas da niyyar barin komai, mutanen Kano suka tsayar da shi. Kabawa kuwa suna da nasu alfaharin da ya girmi jihadi, na Kanta da ganuwar Surame tun ƙarni na 16. Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Argungu ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa, kuma sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, aka yi bikin kamun kifin da ya zama alamar sulhu. Mai kai aƙida yakan manta cewa wanda zai kai wa ɗin shi ma yana da kakanni. A ganina, abin da ya fi daɗewa a Say da Dori ta Liptako ba ikon Gwandu ba ne, wanda Faransawa suka yanke cikin 'yan shekaru, littattafan Malam Abdullahi ne da silsilar malamai da har yau ba ta tsinke ba.

Ita Najeriya a matsayin ƙasa fa? Ta taɓa samun "mu" guda da ya haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo, wato kasancewa babbar ƙasar baƙar fata. Da wannan Murtala ya tsaya a Addis Ababa a Janairun 1976 ya goyi bayan ƙungiyar 'yan gwagwarmaya ta MPLA a Angola duk da wasiƙar shugaban Amurka da ta nemi akasin haka. Da wannan aka kafa asusun tallafa wa kudancin Afirka, ma'aikata da ɗalibai suka ba da nasu, aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, aka ƙwace kadarorin kamfanin BP a 1979 saboda batun Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) da Afirka ta Kudu. A 1987 aka kafa shirin tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan, wanda har yau yana nan. Jama'a sun goyi baya saboda wariyar launin fata cin mutunci ce ga kowa, kuma akwai kuɗin mai a lokacin. Da aka shiga matsin SAP, wato shirin tsuke bakin aljihun gwamnati, sojoji suka fara dawowa cikin akwati daga Laberiya bayan 1990, sai murya ta sauya. Lokacin da Abacha ya mayar da Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998, barkwancin da ya yaɗu shi ne Najeriya na fitar da abin da ba ta da shi, tana shigo da abin da take da shi, wato dimokuraɗiyya da fetur. Hare-haren da aka kai wa baƙi a Afirka ta Kudu a 2008 da 2015 da 2019 suka ƙarasa sanyaya gwiwar mutane.

Da zarar an bar batun launin fata, sai tsagin ya bayyana. Shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986 ta kusa raba ƙasar. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da motocin fiye da naira biliyan ɗaya da aka saya wa Nijar a 2022, sun tayar da ƙura a jaridun Legas, a nan kuwa mutane da yawa ba su ga abin faɗa ba. Kuɗi ɗaya ne, daga baitulmali ɗaya, amma wani na ganin an kai wa baƙo, wani na ganin an kai wa ɗan'uwa.

Yanzu ka ɗora 2023 a kan wannan. An hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum ran 26 ga Yuli, ECOWAS ƙarƙashin Shugaba Tinubu ta ba da wa'adin mako guda ran 30 ga wata, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da layinta ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Aƙidar da aka ce za a kai ita ce mulkin farar hula. Waɗanda za a kai wa da bindiga su ne Dandawa da Zabarmawa da Arawa da Fulanin da kai ka fi ni sanin yadda aure da kasuwa suka cakuɗa ku da su. Dole Kaina gari ne da iyaka ta ratsa, Ba'are na Kangiwa kuma yana da dangi a Dogon Dutsi. Jihohi bakwai ne ke da iyaka da Nijar, sanatocin Arewa suka fito suka ƙi, majalisar dattawa ta ce a bi hanyar sulhu, aka tura Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi, malamai ma suka je. Ga zargin cewa Faransa ce ke bayan lamarin, ga cire tallafin mai da aka yi wata biyu kafin nan. Dimokuraɗiyyar kanta, yadda talakan Zamfara ya ɗanɗana ta, ba ta kai matsayin gadon da zai ba da ɗansa dominta ba. Duk abin da ke sa jama'a su goyi bayan kai aƙida waje babu shi a wannan karo, duk abin da ke sa su ƙi kuma ya hallara. An janye takunkumin a farkon 2024, Nijar da Mali da Burkina suka kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025.

Ina ganin mutanenmu sun yi daidai da suka ƙi yaƙi. Amma ban yarda da waɗanda suka wuce nan suka mai da sojojin Yamai gwaraza ba, har wasu matasa suka ɗaga tutar Rasha a zanga-zangar Agustan 2024. Zumunci na iya rufe ido kamar yadda girman kai ke rufewa. Zumuncinmu da talakan Dosso ne, ba da wanda ke zaune a fadar shugaban ƙasa ba, kuma lalacewar haɗin kan tsaro a iyaka mu ta fara ci, kamar yadda mutanen Mera a ƙaramar hukumar Augie suka gani a hannun Lakurawa a Nuwamban 2024.

Ko a ɓangaren karɓa haka muke. Da Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cikin abubuwan da suka warware rikicin a Kano a 2004 har da kawo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. Da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF Turawa ne da yawansu, amma an karɓe su, don magani suka kawo ba wa'azi ba.

In ka tambaye ni abin da zan goyi baya, mai araha ne kuma muna da shi a hannu. Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, za ta buƙaci malamai da littattafan karatu, mu kuma muna da sassan Hausa a jami'o'i da kwalejojin ilimi da suka shekara da yawa suna yaye ɗalibai marasa aiki. A ware guraben karatu ga 'yan Dosso da Gaya da Malanville ta Benin a Birnin Kebbi da Aliero da Gusau. A ɗauki hoton rubuce-rubucen Gwandu a haɗa kai da Jami'ar Musulunci ta Say wajen nazarinsu. Bikin Argungu, da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, dama masunta daga ƙetaren iyaka na zuwa. Wahalar tana majalisa, ranar da za a nemi kuɗin. Ɗan majalisar Kebbi ba zai iya ce wa takwaransa na Enugu "'yan'uwanmu ne" ya tsaya nan ba, domin ba 'yan'uwansa ba ne a yadda yake ji. Sai ya nuna masa lissafin shanu da wake da ke shigowa kudu ta wannan iyaka, da kayan masana'antun Aba da Onitsha da ake sayarwa a kasuwannin Nijar, da abin da ake kashewa wajen tsaron iyakar da maƙwabci ya daina taya mu gadi.